Likitan Haƙori, Biyu Zuwa Huɗu

Kafin ku fara yi mini faɗa a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in koya muku yaren ofishinmu. In ba ku san shi ba, ba za ku gane girman wautar da na tafka ba.

A bankin zuba jarin da nake aiki, idan ƙaramin ma'aikaci ya rubuta "likitan haƙori" a kalandar sashe, ba haƙori ke damunsa ba. Intabiyu zai je a wani bankin. Kowa ya san haka, har mai goge mana tebura. Ba ka cewa zazzaɓi, don za a gan ka ka dawo garau. Ba ka cewa rasuwa aka yi, don dangi ƙarewa suke yi. Haƙori kuwa talatin da biyu ne, kuma babu shugaban da zai ce ka buɗe baki ya leƙa. Sai ka ga mutum ya zo da kwat mai sabuwar guga, takalmi na ƙyalli, wai cire masa haƙori za a yi. Mu ce masa Allah ya sawwaƙe, ya ce amin, kowa ya mayar da kansa kan kwamfuta.

Abin dariyar shi ne, wanda yake neman aurena likitan haƙori ne na gaske. Likita nake ce masa, shi kuma ya ce mini Manaja, don tsokana. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda in ya tambaye ka yadda ka wuni yake tsayawa ya ji amsar. Shekara ɗaya da rabi yana zuwa gidanmu. Sau biyu iyayensa suna neman a tsayar da magana, sau biyu ina cewa a ɗan dakata.

Dalilin dakatawar yana nan tsaye a tsallaken titi, ina hango shi daga tagar ofis: dogon gini mai baƙin gilashi, wani katafaren banki, wanda namu ko rabin rabinsa bai kai ba. Mu aikinmu shi ne taimaka wa kamfanoni su sayi junansu, ko su samo masu zuba musu jari. Ni ce mai gina jadawalin lissafi da shirya takardun da manya ke shiga taro da su. Shekara biyu da wata huɗu ina wannan. Sai ga gurbi ɗaya tak ya buɗe a can, irin aikina sak. Na tsallake zagaye biyu na intabiyu a ɓoye, saura na ƙarshe.

Mama kam ta kasa gane kan abin. Ranar wata Litinin da safe ina guga a falo, ta zauna a hannun kujera da kofin shayinta tana kallona.

"Wai ni Auta, can ɗin manaja za su ba ki?"

"A'a Mama, irin wanda nake yi ne."

"Za ki riƙa dawowa gida da wuri ke nan?"

"Ƙila ma in fi haka daɗewa."

Ta ajiye kofin a kan tebur a hankali. In Mama ta ajiye abu a hankali, to ranta ya ɓaci.

"Aiki ɗaya, matsayi ɗaya, wahala ta ƙaru. To me kike nema a can wanda babu a nan?"

"Suna, Mama. Wanda ya yi shekara biyu a gidan can babu inda ba zai shiga ba."

"Uhm. Babanki ya ce ƙarshen watan nan zai ba iyayen yaron nan amsa, ko e ko a'a. Ke gani kike haƙurinsa ba ya ƙarewa. Jiya ya kira ni yana tambaya ko lafiyarki, wai kwana huɗu bai ji muryarki ba. Ni ce zai aura?"

Na ce mata Likita ya san halin da nake ciki, kuma mako uku kawai nake nema. Na naɗe rigata na fice, raina fes, don a lokacin na ɗauka Likita kamar katifar ɗakina yake, duk sanda na dawo zan same shi a inda na bar shi.

Yanzu bari in gabatar muku da Doguwa. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, teburinta manne da nawa. Ga tsawo, ga wuya, mayafi ko jefa shi ta yi sai ya zauna mata. Ni sai na sa allura uku, kafin azahar ya karkace. Lissafinta ba ya fita da kuskure. In shugaban sashenmu zai gyara mini aiki, abin da yake cewa ke nan: "Je ki duba yadda ta yi nata." Ina sonta, Allah ya sani, tare muke cin abincin rana, ta san sirrina da yawa. Amma akwai ranakun da ko tarinta haushi yake ba ni.

Da na isa ofis a wannan Litinin ɗin na buɗe kalanda, sai na ga layi mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sunanta. Talata, sha ɗaya zuwa ɗaya: likitan haƙori.

Gurbi ɗaya ne a faɗin garin nan da ya dace da irinmu, kuma na san shi. Na juya na dube ta. Ta dafe kunci da hannun hagu tana buga kwamfuta da dama, har da ɗan yamutsa fuska. Na ce a raina, kai, yarinyar nan har wasan kwaikwayo ta iya.

"Haƙori ne?" na ce, murya kamar zuma.

"Wallahi ƙawata, na baya ne, kwana uku ko ruwan sanyi ba na iya sha."

"Allah sarki. Wane likita za ki gani?"

"Ban ma tsayar ba tukuna. Wanda nake zuwa ya yi tafiya."

Nan na ga dama ta samu in tsinka ta. Na ce, "Ai ga Likitana nan. In ba ki lambarsa?"

Jira nake ta daburce, ta fara kame-kame. Sai ta ce, "Yauwa, don Allah ba ni." Ta miƙo wayarta. Da yatsuna na shigar mata da lambar, ina murmushi, ina cewa a raina za mu ga ƙarshen ƙarya.

Da rana na fita bayan gini na kira Dillaliya, matar da ke haɗa bankuna da masu neman tsallakawa, wadda ta kai takarduna can.

"Anti, mu nawa muka rage?"

"Ku uku."

"Akwai wani daga bankinmu?"

Ta yi 'yar dariya. "Kin san ba zan faɗa miki wannan ba. Ki je ki yi shirinki."

Ba ta ce e ba, amma ni kunnena e ya ji. Daga ranar ban sake cin abinci da Doguwa ba. In ta tashi zuwa banɗaki sai in saci kallon allon kwamfutarta. In wayarta ta yi ƙara ta fita amsawa, sai in bi ta da ido har ƙofa. Na fara lura da sababbin abubuwa: wata jaka ruwan toka, turaren da ban san ta da shi ba, jan baki a ranar aiki. Duk na tattara na ce shirin burge masu intabiyu ne.

Likita kuwa saƙonninsa na shigowa, ni ina haddar amsoshi.

"Manaja, kin ci abinci?"

"Ina aiki."

"Yau wata 'yar ofishinku ta zo. Kira ni in ba ki labari."

Na ga wannan ɗin, na rantse na gan shi. Amma a tsakiyar taro nake, kuma ofishinmu mutum tamanin ne, sai na tura masa hoton babban yatsa na kife wayar. Ranar Asabar ya ce zai zo gida, na ce ina da karatu. Ya ce to ya kawo mini wani abu ya ajiye a wurin Mama, ba sai na fito ba. Na ce kada ya wahalar da kansa. Ya rubuto, "To." Harafi biyu. Ban taɓa ganin saƙonsa ya gajarce haka ba, amma na ji daɗi ma da bai ja maganar ba.

Mako na biyu, layin ruwan ɗorawa ya sake fitowa. Laraba, likitan haƙori. Na ce shi ke nan, ta tsallake wani zagayen.

Ga abin da ya sa na ce kada ku fara faɗa da wuri, don yanzu ne za ku samu dalili. Akwai wani babban ciniki a hannun sashenmu, wani kamfani zai sayi wani. Ba a kama sunan irin wannan sai an gama, shi ya sa ake laƙaba masa sunan ɓoye. Namu Shamuwa muke ce masa. Doguwa aka ba lissafinsa, ni aka bar ni da ƙananan ayyuka. Na san in ta shiga ɗakin intabiyu da labarin irin wannan aiki a bakinta, ni ko kallo ban isa ba.

Na tarar da Shugaba a wurin injin buga takardu, yana jiran shafuka suna fitowa da ɗumi.

"Yallaɓai, barka da rana."

"Yauwa. Ina abokiyar taki? Ina neman ta."

"Ta je wurin likitan haƙori, Yallaɓai." Sannan na ƙara, "Karo na biyu ke nan cikin kwana tara. Allah dai ya ba ta lafiya. Da sabuwar jaka ma ta tafi."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya tattara takardunsa ya wuce. Washegari da safe saƙo ya zo wa sashe duka: an mayar da lissafin Shamuwa hannuna, ita kuma za ta "taimaka inda ake buƙata". A yarenmu wannan na nufin an ajiye ka a gefe, tunda ba a ba mai shirin tafiya sirrin gida.

Ta karanta. Sannan ta turo mini fayilolin duka, a tsare, har da bayanin inda ta tsaya.

"Ki kula da shafi na bakwai," ta ce, "akwai wata lamba da ba su tabbatar ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kuma kun san me? Ko a nan kishin bai sake ni ba. Aiki ya rufe ni ruf, ba na ɗaga kai, ita kuwa ƙarfe biyar na yi sai ta rataya jakarta ta ce sai da safe. Ina kallon bayanta ina cewa, ga shi nan, na ba ta lokacin shiri da hannuna.

Ranar Alhamis ta mako na uku ce ranar intabiyuna na ƙarshe. Na saka doguwar riga baƙa marar ado, da mayafi ruwan madara, na naɗe kwat ɗina ruwan toka a cikin leda na cusa a ƙasan jaka, don kada a gan ni da shi a ofis. Takalmi mai tsini ma a jaka, na tafi da silifas. Mama ta bi ni har ƙofa.

"Allah ya ba da sa'a. Kin kira shi kuwa?"

"In na fito zan kira, Mama."

Na rubuta nawa a kalanda: likitan haƙori, biyu zuwa huɗu. Ina ɗaga ido na ga nata a ƙasa. Likitan haƙori, uku zuwa biyar. Wato ni zan fara shiga, ita ta biyo baya ta goge duk abin da na faɗa. Na rufe kwamfutar.

A banɗakin ƙasan gininsu na saka kwat da takalmin. Hawa na ashirin da ɗaya, ɗaki mai dogon tebur, sanyin na'ura kamar zai shiga ƙashi. Mutum biyu ne: wani dattijo mai furfura a gemu, da wata mata da ke juya biro a tsakanin yatsunta, ba ta murmushi.

"Me ya sa kike son barin gidanku?" in ji matar.

Wannan tambayar tarko ce, duk wanda ya kushe tsohon gidansa ya faɗi. Na ce na koyi abu da yawa a inda nake, ina son in ga manyan cinikayya ne kawai. Ta tambaye ni hanyoyin kimanta darajar kamfani, na jero su. Ta ce in kuɗin ruwa ya tashi me zai faru da darajar da na fitar, na ce za ta sauka, na faɗi dalili. Dattijon ya ce in ba su labarin aiki ɗaya ba tare da na kama suna ba. Na ba su labarin Shamuwa, tiryan-tiryan, kamar tun farko ni na gina shi. Har maganar shafi na bakwai na kawo, a matsayin abin da ni na gano. Matar ta daina juya biro ta rubuta wani abu.

Da muka gama, dattijon ya raka ni har bakin lif, yana ta fara'a.

"Kin yi ƙoƙari. Gidanku na horar da yara da kyau. Bara mun zauna da ku a kan cinikin wani kamfanin magunguna, akwai wata doguwar yarinya da ta yi lissafin. Ita muka fara nema, sau biyu muna aikawa. Ta ce ba ta da niyyar tashi yanzu." Ya danna mini maɓalli. "Ke kaɗai ce daga can. Za ki ji daga gare mu."

Ƙofar lif ta rufe. Abu na farko da ya soke ni shi ne cewa ni ragowar zaɓi ce, abin da ta ƙi shi nake wa wannan rawar jiki. Na sauko hawa goma sha biyu ina juya wannan a raina. Sai a wajen hawa na tara abu na biyu ya iso.

In ba nan Doguwa take zuwa ba, ina take zuwa?

Na tsaya a harabar ginin na duba agogo. Huɗu saura kwata. Ban cire kwat ɗin ba, ban koma ofis ba, na tare tasi.

Asibitin Likita a hawa na biyu yake, saman wani kantin magani. Matakalar ƙunci gare ta, takalmina na ta ƙwas-ƙwas kamar ina shelar zuwana. Ɗakin jira babu kowa, sai akwatin kifayen nan nasa da ƙamshin maganin kurkure baki. Matar da ke karɓar baƙi, dattijuwa ce mai kirki, kullum amaryarmu take ce mini. Yau da ta gan ni sai ta miƙe tsaye, ta rasa inda za ta sa hannunta.

"A'a, 'yata, ke ce? Kwana da yawa."

"Ina wuni, Inna. Yana da marar lafiya ne?"

"Ya gama tun ƙarfe uku." Ta gyara wasu katuna da ba su buƙatar gyara. "Baƙuwa ce."

"Doguwa haka? Ai ƙawata ce, haƙori ke damunta."

Ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ba a son a zama mai faɗa masa.

"Haƙori ɗaya ne, 'yata. An cike shi tun zuwan farko."

Daga cikin ofishinsa na ji dariyarsa. Ba ƙaramar nan ta ladabi da yake yi wa marasa lafiya ba, babbar, wadda yake yi har ya buga tebur. Na yi ƙoƙarin tuna ranar da na ji ta a ƙarshe, na kasa. Ban ƙwanƙwasa ba.

Babu abin da za ku ce na kama. Yana bayan teburinsa, babu safar hannu, babu farar riga. Tana kujerar baƙi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, jakar ruwan tokar a cinyarta. Kofuna biyu a tsakaninsu, duka an shanye. Ƙofa ma ba a kulle take ba. Amma wallahi da na same su suna wani abin da ya fi haka da na san abin da zan ce.

"Manaja," ya ce, ya miƙe.

Ita ba ta ko firgita ba. Ta dubi kwat ɗina, ta dubi takalmin.

"Ya intabiyun?" ta ce.

"Me kike yi a nan?"

"Hira muke yi."

"Da wanda zan aura?"

"An tsayar ne? Ban ji ba." Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ta miƙe tana gyara mayafinta. "Ke kika sa mini lambarsa a waya. Kuma ban taɓa zuwa nan a ɓoye ba, ƙawata. Duk zuwan da na yi sai da na rubuta a kalanda, kina gani."

Ta zo daidai kafaɗata ta tsaya, ta rage murya yadda shi ba zai ji ba.

"Da ina kan Shamuwa ko lokacin shan ruwa ba ni da shi, kin sani. Shugaba ya ce wani ne ya nuna masa ina yawan zuwa likita. Ban tambaye shi ko wane ne ba."

Ta yi wa Inna sallama, muna jin takunta har ƙasan matakala.

Na juyo gare shi da duk faɗan da na tanada, amma fuskarsa ta hana ni. Ba kunya a cikinta, ba fushi. Gajiya ce kawai, irin ta wanda ya riga ya gama tunani.

"Gara da kika zo," ya ce. "Ɗazu na kira Mama na ce gobe zan zo in ga Baba, kafin ƙarshen wata ya yi. Amma bai kamata ki ji daga bakinsu ba. Rufe ƙofar, ki zauna."

Na rufe. Kujera ɗaya ce ta baƙi a ɗakin, na zauna a kai. Har lokacin da ɗuminta.